Baba Thaddeus da Koriyar Marsandi

Ban taɓa ganin mai ɓata wa jama'a kallon fim irin Baba Thaddeus ba. Sunana Hansatu, shagona na haya da sayar da kaset ne a Masaka, bakin titin Keffi. Ranar Lahadi da rana nakan fito da talabijin rumfa in jera benci, duk wanda ya ga dama ya zauna. To ana tsakiyar kallo, an zo daidai inda matar gida ta kama mijinta da ƙarya, kowa ya yi tsit, sai ka ji murya daga ƙarshen benci: "Motan nan Jagwa ne. Dubi wajen zuba mai, guda biyu ne, hagu da dama." Mutane su juyo su harare shi. Ko a jikinsa. Can an jima wani attajirin fim ya fito daga gida, ya sake cewa, "Suna cewa Rolls, ba Rolls ba ne. Bentley ne, hancinsa a lanƙwashe yake."

Na sha yi masa tsawa. Ni ba mai haƙuri ba ce, kowa a layin nan ya sani. Nakan ce, "Baba, don Allah ka bar mu mu ji magana, mu ba sayen motar za mu yi ba." Sai ya ce, "Sorry, Madam," ya kama bakinsa, har sai wata tsohuwar mota ta sake giftawa. In ka tambaye shi labarin fim ɗin bayan an gama, bai san wa ya mutu ba, bai san wa ya auri wa ba. Amma zai lissafa maka kowace mota da ta shigo, da shekarun da aka ƙera irinta, da ciwon da ya fi kama ta.

Dogo ne siriri, mutumin wani ƙauye wajen Kafanchan. Daga coci yake zarcewa wurina, da farar riga mai gajeren hannu da ta sha guga, takalmi baƙi yana ƙyalli, Littafi Mai Tsarki a hammata. Kullum shi kaɗai yake zuwa, shi kaɗai yake komawa. Matarsa ta rasu tun suna Legas, ba su haihu ba. Ranakun mako gadin ƙofa yake yi a wani gida a Maitama, ya shiga motar haya da sassafe, ya dawo da yamma ɗakinsa da ke bayan coci. Ɗakin ba wuta, ba rediyo mai kirki, sai gado da kujera ɗaya. Na taɓa aika masa abinci da ba shi da lafiya, na ga kujerar, na ce a raina ko baƙo bai sa ran yi ba.

Labarinsa a gutsure na same shi, yau kaɗan, gobe kaɗan. Direba ne tun yana saurayi. A Legas ya yi wa wani babban ma'aikacin gwamnati tuƙi shekara da shekaru. Da iyayensu suka rasu, ya je ƙauye ya ɗauko ƙanensa Jonah, ya koya masa tuƙi da hannunsa, ya roƙi ogan ya ɗauke shi. Ogan yana da mota biyu. Akwai Fijo ta ofis, wadda Thaddeus ke ja. Akwai kuma tasa ta kansa, Marsandi koriya mai duhu, mai fitilu a tsaye, wadda ya saya tun kafin ƙasar nan ta sauya hannun tuƙi, don haka sitiyarinta a dama yake. Ita aka damƙa wa Jonah, shi kuwa ya ɗauke ta kamar 'yar cikinsa.

A ƙarshen 1991 gwamnati ta tattara komatsanta ta bar Legas. Baba ya ce tireloli ne jere a hanyar Lokoja, ɗauke da kabad-kabad na fayil da kujerun ofis, wasu an ɗaure su da igiya kamar kayan amarya. Oga ya ce Marsandi ba za ta je ba, hanya za ta kashe ta, kuma Abuja ba makanikin da ya san ta. Thaddeus ya yi ta roƙo har oga ya yarda a rufe motar da tamfol, a tafi da Jonah a sama masa wani aiki. Sai Jonah ya ce ba zai je ba. Ya ce motar da ba a tayarwa mutuwa take yi, kuma shi bai ga abin da zai kai shi daji ba. A gaban oga ya faɗa, a gaban kuku da mai wanki. Thaddeus ya ji kunya, ya ji haushi, ya ce masa, "To zauna da ƙarfenka. Ran da ka tuna kana da yaya, ka san hanya." Da safe ya tayar da Fijo ba su yi sallama ba.

Maitama a lokacin gidaje ne manya-manya, tituna shimfiɗe, amma ba mutane. Ba mai ƙosai, ba mai shayi, ba motar haya. Ranar Juma'a manyan duk su hau jirgi su koma Legas wurin iyalansu, su bar direbobi da masu gadi da karnuka. Baba ya ce daga Juma'a zuwa Litinin wani lokaci bakinsa har wari yake yi don rashin magana. Sai ya ɗebo ruwa ya wanke Fijon da ya riga ya wanke. Duk motar da ta tsaya a ƙofa ya ɗaga kai, ko ƙanen ne ya sauko daga fushinsa. Ba waya a lokacin sai ta ofis, shi kuma ya rantse ba zai fara nema ba.

Bayan 'yan shekaru oga ya rasu. 'Ya'yansa suka sayar da gidan Legas da abin da ke ciki, suka ce Thaddeus ya ba su ɗakinsu na Maitama. Haka ya gangaro Masaka, inda talaka ke iya biyan haya, ya koma gadi. Inda Jonah ya nufa, bai sani ba. Wannan ne abin da ke cinsa duk tsawon lokacin da nake yi masa tsawa a kan Jagwa da Bentley, ni ban sani ba.

Wata Lahadi na sa wani sabon fim na Legas, irin na attajirai masu shiga ƙungiyar asiri. Aka nuno ƙofar wani gida, wata tsohuwar mota ta nufo ta. Sai Baba ya miƙe tsaye, littafinsa ya faɗi ƙasa.

"Madam, tsayar! Tsayar da shi!"

Na buɗe baki zan wanke shi tas, sai na ga fuskarsa. Na fasa. Na ce wa mutane su yi haƙuri kaset ya sarƙe, su dawo an jima. Suka watse suna gunaguni. Na mayar da kaset baya, ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilashi.

"Kin ga sitiyari? A dama yake. Motan oga ne. Yanzu dubi jan wutan baya."

Motar ta iso ƙofa, jar fitilarta ta kama, ta mutu, ta sake kamawa, sannan ta sulala ciki a hankali ko girgiza babu.

"Birkinsa yana son a taka, a saki, a sake takawa. Ni na koya masa. Jonah ne. Wallahi Jonah ne, Madam."

Kirista ne, amma ranar sai da ya ce wallahi. Na ce ai ba a nuna fuskar direban ba. Ya ce ba sai an nuna ba. Aka nuno attajirin zai fito, wani hannu ya buɗe masa ƙofa, ɗayan hannun ya dafa saman ƙofar don kada hular mai gida ta bugu. Baba ya nuna hannun da yatsa. Daga baya ya yi mini bayani: masu irin waɗannan motoci ba sa ba 'yan fim makulli, da direba suke ba da haya. Balle mai sitiyari a dama, ɗan wasa zai goga ta a bango tun kafin ya shiga. Wato wanda ya sayi motar ya haɗa da Jonah, tunda shi ya san halinta. Ranar mun mayar da wurin nan baya har kaset ɗin ya fara zane.

Daga nan na shiga farautar koriyar Marsandi. Kure, wanda ke kawo mini kaya daga kasuwar Idumota a Legas, shi ma na sa shi. Duk fim ɗin da aka ga attajiri a bangonsa sai na duba shi tun kafin Lahadi. In na same ta, nakan yi shiru, in bar shi ya gani da kansa. Takan fito jefi-jefi, wani lokaci a jima ba a gan ta ba. Kaset ya wuce aka koma faifai, ita dai tana nan tana shiga ƙofa, jar fitila ta kama ta mutu ta sake kamawa. Duk ranar da ya gan ta, Baba yakan gyara zama ya ce, "Yana lafiya." Ya je coci ya gaya wa mutane ƙanensa na Legas yana lafiya, ya gan shi last week. Har sunansa yake bayarwa a saka a addu'ar godiya.

Abin ya fara ba ni haushi. Na ɗauko kwalin wani faifai na nuna masa bayansa.

"Baba, ga adireshin masu fim ɗin nan ɓaro-ɓaro. Ka shiga mota ka je ka tambaye su. Kwana nawa ne zuwa Legas?"

"A wurinmu ƙane ne yake zuwa gaida yaya, Madam. Ni na goya shi. Ni na ba shi sana'a."

"To ya san kana Masaka? Gidan oga na Maitama wasu ne a ciki. Ta ina zai bi ya same ka, ta cikin talabijin ɗina?"

"In yana so zai tambaya."

Na ce masa ban taɓa ganin tsoho mai taurin kai irinsa ba, kuma ranar da zai yi nadama ba ni zan share masa hawaye ba. Ya tashi ya tafi. Lahadi ta zo bai zo ba, ta sake zagayowa bai zo ba, rumfar ta yi shiru, mutane suka ji daɗin kallonsu, ni kuwa na rasa abin da ke mini daɗi. Can sai ga shi da lemo a leda ya ajiye mini a kan teburi, ya wuce ƙarshen bencinsa. Ba mu sake tayar da maganar ba. Na lura dai abin da ke riƙe da shi ba girman kai kaɗai ba ne. Yana ganin ƙanensa lafiya lau a cikin fim, kuma yana tsoron ya je a ƙi karɓarsa. Wanda yake gani a gilashi ba ya mayar masa da baƙar magana.

Shekaru suka tafi a haka, har idonsa ya fara yana. Ya bar ƙarshen benci ya dawo gaba. Wata rana wata Bolbo ta wuce a fim ya ce Marsandi ce, samarin da ya daɗe yana damunsu suka fashe da dariya har da tafi. Na kore su. Shi kuwa ya zauna yana murza ido da bayan hannu. Masu gidan Maitama ma sun fara cewa ba ya gane baƙi sai sun zo dab da shi.

A cikin makon ya zo shago ranar da ya san Kure zai biyo karɓar oda. Yana riƙe da ƙullin acca a ɗan buhu, irin wadda suka ci suka girma a ƙauyensu. Ya miƙa wa Kure da hannu biyu, abin da dattijo ba ya yi wa yaro.

"Ɗana, in ka je Legas ka nemo mini direban koriyan motan nan. Ka ba shi wannan. Ka ce yayansa yana Masaka, bayan coci. Ka ce idona yana tafiya, ina so in gan shi da sauran gani. In ba zai iya zuwa ba, ka ce ni zan zo."

Da ya faɗi wannan ta ƙarshen, sai ya juya baya yana duba faifan da ke rataye, kamar mai neman wani abu. Na ji daɗi ƙwarai ranar, har na ba Kure lemon kwalba kyauta.

Kure ya jima bai dawo ba. Baba ya sayi tabarma sabuwa da kujera ta biyu, ya sa aka share masa ɗaki. Kullum in ya sauka daga motar Maitama sai ya biyo ta shago ya ce, "Madam, any news?"

Ranar da Kure ya dawo, da la'asar ne, Baba yana zaune a rumfa. Kure ya sauke kwalayensa, ya gaishe shi har ƙasa, sannan ya buɗe jaka ya fito da ƙullin acca ya ajiye a gabansa. Ko kwance shi ba a yi ba.

"Ya ƙi karɓa?" in ji Baba.

"A'a, Baba. Sai haƙuri."

Kure ya ce ya bi daga mai sayar da faifai zuwa wani da ke samo wa 'yan fim motoci, shi kuma ya tura shi wani gareji a Mushin. Can ya tarar da motar a kan duwatsu, ba taya, kaji na kwana a ƙarƙashinta. Mai garejin ya ce direbanta ya rasu tun shekarar da aka koma mulkin farar hula, ciwon ƙirji ne. Tun daga nan ba wanda ya iya da ita, mai ita ya watsar.

Baba ya girgiza kai, har da ɗan murmushi. "Ba shi ba ne. Wani direba ne suke nufi. Na gan shi bikin Ista da ya wuce, Madam shaida ce. Fim ɗin sabo ne."

"Fim ɗin sabo ne, Baba, amma hoton motar tsoho ne," in ji Kure. "Na tambaya. Wani ne ya ɗauke ta tana shiga ƙofa tun da daɗewa, ya ajiye. Duk mai ƙaramin fim da ke son a ga attajiri ya iso gida, kuma ba shi da halin hayar mota, sai a yanko masa wannan wurin a liƙa masa."

Ban yarda ba sai da na gwada. Na ɗauko wani tsohon faifai da na Istan, na sa su ɗaya bayan ɗaya. A na farko, motar na nufo ƙofa, wata mai tallan burodi da jan ɗankwali ta gifta ta bayanta. A na biyu ga ta nan, da jan ɗankwalinta, da tirenta, ƙafa ɗaya a sama. Ba wanda ya taɓa lura da ita. Baba kuwa da zai gane ƙusar da aka sauya a jikin mota, bai taɓa kallon abin da ke gefenta ba. Yini ɗaya na rayuwar ƙanensa yake ta kallo duk shekarun nan, yana zuwa coci yana godiya.

Ya daɗe yana kallon gilashin. Na kashe talabijin ɗin.

"Yana da mata? Yara?" ya tambaya.

"Babu, Baba. A garejin yake kwana, kusa da motar. Mai garejin ya ce sun yi da shi ya kama ɗaki ya ƙi. Jakarsa kullum a ɗaure take. Yana ce musu yayansa yana Abuja, yana fushi da shi ne, amma in ya huce zai aiko a ɗauke shi, don shi ba shi da idon da zai je ba a kira shi ba."

Na so Kure ya bar wannan a cikinsa. Amma ya riga ya faɗa. Baba ya sa hannu a kan ƙullin accar, yana shafa shi a hankali.

"Wa ya binne shi?"

"Makanikan ne suka haɗu, da wasu 'yan cocinsu. Ba su san inda za su nemi dangi ba."

"A wane mota aka kai shi?"

Kure ya dube ni. Na so in yi masa alama ya ce bai sani ba, amma ban yi sauri ba.

"A-kori-kurar garejin ce, wadda suke ɗauko inji da ita. A baya aka sa shi."

Baba ya gyaɗa kai. Hawaye na bin kuncinsa bai share ba.

"Yaron da bai taɓa girgiza kowa a mota ba," ya ce. "Ni ya kamata in tuƙa shi, Madam. Ni ne babba. Ni ya kamata in tuƙa shi."

Tausayinsa ya cika ni. Ya yunƙura ya miƙe, ya ce mana sai da safe alhali rana ba ta faɗi ba, ya bi gefen titi ya nufi bayan coci yana laluben hanya da ƙafa. Motocin Abuja na ta wucewa ta gefensa, bai ɗaga kai ya dubi ko ɗaya ba.